Wa Zai Biya Kuɗin Asibiti? Tarihin Inshorar Lafiya a Najeriya

A shekarar 1962, Najeriya tana da shekara biyu kacal da samun 'yancin kai, ministan lafiya na tarayya, Dokta Moses Majekodunmi, ya kai wani ƙudiri gaban majalisa a Legas. Likitan mata ne, ya san irin halin da iyali ke shiga idan naƙuda ta zo da gardama alhali aljihun maigida babu komai. Abin da ya nema shi ne ma'aikatan Legas su riƙa ba da ɗan wani abu daga albashinsu tun suna da lafiya, a tara shi wuri guda, domin ranar da ciwo ya kwantar da ɗayansu a duba shi ba tare da an tambaye shi kuɗi a bakin ƙofa ba. Ƙudirin bai kai labari ba. Ƙungiyar likitoci ta ƙasa ta nuna adawa da shi, rigingimun siyasa suka biyo baya, sannan juyin mulki da yaƙin basasa suka binne maganar. Sai da aka shafe shekara 43 kafin ma'aikacin gwamnatin tarayya ya riƙe katin inshorar lafiya a hannunsa.

Wannan jinkiri yana da alaƙa da abin da mutum ke fuskanta yau idan ya je yin rajista. Tambayoyin da mai hankali ke yi kafin ya ba da kuɗinsa, wato mutum nawa katin zai ɗauka a gidansa, wane asibiti za a tura shi, wace cuta aka cire, kuma a hannun wa kuɗin ke kwana, kowace tana da asali. An gina tsarin ne da kayan aro daga ƙasashe biyu masu nisa, aka auna shi da jikin mai albashi, sannan aka kawo shi cikin al'ummar da mafi yawanta manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu.

Kafin zuwan asibitin zamani, Bahaushe yana da hanyarsa ta ɗaukar nauyin jinya. Wanzamin gida ba baƙo ba ne da ake ciniki da shi duk ranar da aka kira shi. Shi ke yi wa jariri aski ranar suna, ya cire beli, ya yi wa yara kaciya, ya yi wa maigida ƙaho idan jiki ya yi nauyi, kuma sau da yawa mahaifinsa ne ya yi wa kakannin gidan. Ladansa yana zuwa ne ta hanyar rabonsa na naman suna, da tukuici, da damin hatsi idan kaka ta yi. Haka ungozoma, haka maɗori. Idan ciwo ya yi tsanani ya hana mutum zuwa gona a tsakiyar damina, maƙwabta su yi masa gayya su nome gonar, dangi su kawo gudummawa, masu zuwa dubiya su ajiye abin da ya sawwaƙa a gefen tabarma. Babu takarda, babu ofis. Amma tsarin yana da iyaka, domin ƙarfinsa bai wuce ƙarfin dangin mutum ba. Wanda danginsa talakawa ne, taimakon da zai samu ma na talaka ne.

Zamanin Turawa ya zo da ɗakunan shan magani na En'e, da asibitocin mishan irin na Wusasa, da asibitin birni na Kano wanda aka gina a shekarun 1920, wanda yau ake kira Asibitin Murtala. Daga baitulmalin En'e ake biyan malaman asibiti, ake sayen magani, kuma haraji da jangali ne ke cika baitulmalin. Talaka ya riga ya biya tun ranar da dagaci ya karɓi harajinsa, don haka idan ya je da kwalbarsa sai a zuba masa magani kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wannan ya zauna a zukatan mutane: asibitin gwamnati wuri ne da ba a biya. Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya ƙara tabbatar da hakan. A irin wannan yanayi ba a ga dalilin da zai sa a yanki albashin mutum saboda ciwon da bai zo ba.

A Turai kuwa labarin ya tsufa. Masu haƙar ma'adinai a Jamus, waɗanda kullum suke shiga rami ba su da tabbacin fitowa da ƙafafunsu, sun daɗe suna tara kuɗi a asusu guda domin wanda ya ji rauni da matar wanda ya rasu. Akwai takardar shekarar 1260 daga garin Goslar da ke ambaton irin wannan ƙungiya. A 1883 shugaban gwamnatin Jamus, Otto von Bismarck, ya mayar da al'adar doka. Ma'aikatan masana'antu dole su shiga asusun jinya, ma'aikaci ya biya kashi biyu cikin uku, mai kamfani ya biya kashi ɗaya. Ba tausayi kaɗai ya motsa shi ba. Yana tsoron 'yan gurguzu da ke jan hankalin leburori, sai ya ga gara gwamnati ta riga su ba ma'aikaci abin da zai riƙe. Ingila ta bi sahu a 1911 ƙarƙashin Lloyd George, sannan a 1948 ta sauya hanya gaba ɗaya, ta kafa tsarin da haraji ke biyan jinyar kowa.

Amurka ta bi tata hanyar. A 1929 asibitin jami'ar Baylor da ke Dallas ya lura cewa malaman makaranta suna kwanciya su tashi su bar bashi. Wani jami'in jami'ar, Justin Ford Kimball, wanda ya taɓa shugabantar makarantun birnin, ya kawo shawarar kowane malami ya riƙa biyan senti 50 a wata, a ba shi damar kwanciya har kwana 21 a shekara. Daga nan aka samu tsarin Blue Cross. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta hana ƙarin albashi, sai kamfanoni suka koma jawo ma'aikata da alkawarin inshorar lafiya, abin ya manne da wurin aiki har yau. A 1973 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta ƙarfafa kamfanonin da ake kira HMO, masu tsayawa tsakanin majinyaci da asibiti, su karɓi kuɗi, su tantance aikin da za a yi, su biya. Najeriya ta ɗauko yankan albashi daga Jamus, ta ɗauko waɗannan kamfanoni daga Amurka.

Abin da ya farfaɗo da maganar Majekodunmi shi ne talauci. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, asibitoci suka bushe. A 1984 ministan lafiya na lokacin, Patrick Koshoni, ya kafa kwamitin da zai duba yiwuwar inshora. A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta zube, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada. Shekara guda bayan haka ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako suka amince da tsarin da majinyaci zai riƙa biyan kuɗin magani, a juya kuɗin a sake sayo wani. Waɗanda suka yi jinya a wancan zamani ba su manta da shi ba: likita ya rubuta takarda, a je taga a ce babu, a tsallaka titi zuwa kemis. Kafin a shiga da mace tiyata sai mijinta ya sayo safar hannu da zare da ruwan ƙari da auduga. An sayar da awaki, an jinginar da gonaki, an kuma rasa rayuka da dama a tsakanin rubuta takarda da kawo kuɗi.

Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya kafa wani kwamitin a 1988, kuma rahotonsa ne ya zama tubalin abin da ya biyo baya. Duk da haka sai a watan Mayun 1999, kwanaki kaɗan kafin ya miƙa mulki, Janar Abdulsalami Abubakar ya sa hannu a Dokar Soja mai lamba 35 wadda ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS. Dokar ta kwanta shekara shida. Ranar 6 ga Yunin 2005 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ga ma'aikatan gwamnatin tarayya.

A takarda tsarin yana da sauƙin fahimta. Mai ɗaukar aiki ya ba da kashi 10 cikin ɗari na tsagwaron albashi, ma'aikaci ya ba da kashi 5. Kowane ma'aikaci ya zaɓi asibiti guda na matakin farko, nan ne gidansa na jinya. Asibitin yana karɓar kuɗin kai a kan kowane mutum da aka rubuta masa, ko ya zo ko bai zo ba: naira 550 a wata da farko, aka mayar da shi 750 a 2012. Idan ciwon ya fi ƙarfin matakin farko, kamar tiyata ko ganin ƙwararren likita, sai a nemi lambar izini daga kamfanin HMO, a yi aikin, asibiti ya aika da lissafi a biya shi. Majinyaci yana biyan kashi 10 na kuɗin magani kawai. Ga ma'aikacin da ya saba ɗaukar bashi duk lokacin da yaro ya yi zazzaɓi, wannan babban sauƙi ne, kuma iyalai da yawa sun ga amfaninsa, musamman wajen haihuwa da tiyata.

Sai dai akwai wani sharaɗi da ya fi taɓa Arewa fiye da ko'ina. Katin yana ɗaukar ma'aikaci, da abokin aure guda, da 'ya'yan cikinsa huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Mutum shida ke nan. A Kano ko Gusau ko Azare, malamin da ke da mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, ga mahaifiya a ɗaki, ga marayun ɗan'uwa, sai a miƙa masa fom mai gurbi shida a ce ya cike. Wace matar zai rubuta? Waɗanne 'ya'yan zai bari? Wannan tambaya ce da ke iya tayar da ƙura a gida, kuma waɗanda suka tsara fom ɗin ba su zauna sun yi tunaninta ba. An bar ƙofar ƙara mutum da ƙarin kuɗi, amma da yawa ba su san da ita ba. Abin da ya biyo baya sananne ne a asibitoci: a kawo yaron da ba a rubuta ba da sunan wanda aka rubuta. Laifi ne a doka, kuma haɗari ne, domin fayil ɗin wani yaro yana ɗauke da rukunin jininsa da tarihin ciwonsa, ba na ɗan'uwansa ba. Amma tsarin da ya tilasta wa uba zaɓe tsakanin 'ya'yansa shi ma yana da nasa alhakin.

Matsala ta biyu ita ce dokar 1999 ba ta tilasta wa kowa shiga ba. Ƙungiyoyin ƙwadago sun ƙi yarda a yanki kashi 5 ɗin, don haka shekara da shekaru gwamnatin tarayya ce kaɗai ke zuba nata kason. Jihohi kuwa suka ja da baya, ba sa son kuɗinsu ya tafi Abuja. Kuros Riba da Bauchi da Enugu ne kawai suka shigar da ma'aikatansu a shekarun farko. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya gano cewa kusan kashi 3 cikin ɗari ne kacal na masu shekara 15 zuwa 49 ke da wata inshorar lafiya. Sama da kashi 70 na duk abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun majinyata yake fita kai tsaye, duk da alkawarin da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2001 na ware kashi 15 na kasafin kuɗi ga lafiya.

Kuɗin kai ma ya zama abin kuka. Naira 750 ta tsaya cak sama da shekara goma, farashin magani yana ninkawa. Asibitin da ke karɓar wannan kuɗi a kan mutum yana da hanya biyu ta tsira: ya rage abin da yake bayarwa, ko ya sa mai kati ya jira har ya gaji. Daga nan aka samu ƙorafin da ya zama ruwan dare, cewa mai tsabar kuɗi ya fi mai kati daraja a layi. Asibitoci suna zargin kamfanonin HMO da riƙe musu kuɗi watanni, kamfanonin suna zargin asibitoci da kumbura lissafi. Rikicin ya fito fili a zamanin Farfesa Usman Yusuf, wanda aka naɗa shugaban hukumar NHIS a 2016. Ya fito bainar jama'a ya soki kamfanonin, shi ma aka tuhume shi da saɓa ƙa'idar aiki, ya musanta. Ministan lafiya Isaac Adewole ya dakatar da shi a 2017, Shugaba Buhari ya dawo da shi a 2018, aka sake dakatar da shi, sannan aka sauke shi a 2019. Duk tsawon wannan dambarwa, majinyaci yana zaune a benci yana jiran lambar izini.

Maƙwabta sun gwada wasu hanyoyin, kuma Hausawan da ke can sun ɗanɗana. A Ghana an sha wahalar tsarin biya kafin a duba ka, har ya zama batun zaɓe a 2000. Tun 1992 wani asibitin Katolika a Nkoranza ya fara asusun al'umma, sannan a 2003 gwamnatin John Kufuor ta yi dokar inshora ta ƙasa. Hikimarta ita ce ba ta dogara da albashi kaɗai ba: an ɗora kashi 2.5 a kan harajin kayan masarufi, don haka mai sayar da koko a zangon Nima ko na Kumasi yana zuba nasa duk lokacin da ya yi sayayya. A 2008 aka ƙara awo da haihuwa kyauta. Ghana ta yi wa Najeriya nisa wajen yawan masu kati, ko da yake ita ma tana fama da jinkirin biyan asibitoci. Jamhuriyar Nijar kuwa, a zamanin Tandja Mamadou, ta ayyana tiyatar haihuwa da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2005 da 2006. Mata sun yi tururuwa zuwa asibitoci a Maraɗi da Damagaram, amma gwamnati ta kasa mayar wa asibitocin kuɗinsu a kan kari, bashi ya taru, magani ya riƙa yankewa.

A cikin gida ma an yi gwaji mai kyau a Shonga ta jihar Kwara daga 2007, inda manoma ke biyan 'yan ɗaruruwan naira a shekara, gwamnatin jiha da wani asusun ƙasar Holan suna cike ragowar. Ya nuna cewa manomi zai biya idan ya ga asibitin ƙauyensu an gyara shi, akwai ma'aikaci, akwai magani. Ya kuma nuna cewa abin da talaka zai iya bayarwa ba zai taɓa isa shi kaɗai ba.

A Arewa akwai wani shinge da ba na kuɗi ba. Mutum ya saba da adashi, inda kowa ke kwasar daidai abin da ya zuba idan layi ya zo kansa. A inshora kuwa mutum zai iya biya shekara goma bai kwanta ba, wani ya biya wata uku a yi masa tiyatar da ta ninka kuɗinsa sau ɗari. Tambayar da jami'an rajista suka fi ji ita ce, idan ban yi rashin lafiya ba ina kuɗina? Malamai kuma suna da tasu damuwar: cinikin abin da ba a san zai faru ba yana da garari, yana kama da caca, kuma kamfanoni kan juya kuɗin a harkar ruwa. Duniyar Musulmi ta daɗe da tattauna wannan. A 1979 aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan, ƙarƙashin Bankin Faisal. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, amma wadda aka gina a kan taimakon juna da sadaukarwa ta halatta. Bambancin yana cikin niyya da mallaka: mai zubawa yana ba da gudummawa ne ga asusun jama'a, ba sayen alkawari yake yi daga kamfanin da zai cinye rarar ba. Hukumar inshora ta Najeriya ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato irin wannan inshora ta taimakon juna, a 2013.

A kan wannan fahimta jihohin Arewa suka gina nasu tsarin, bayan an ba jihohi damar kafa hukumominsu. Kano ta yi dokarta a 2016 ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, Kaduna ta yi tata a 2018, Katsina da Sakkwato da Jigawa da Zamfara da Yobe da sauransu duk suka kafa. An zauna da malamai da sarakuna da ƙungiyoyin ƙwadago kafin a fara yankan albashi, kuma wannan zama ya yi aikin da shelar gwamnati ta kasa yi a baya.

Talakan da ba shi da abin zubawa fa? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, rabinsa domin biya wa marasa galihu. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, naira biliyan 55. Ranar 19 ga Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta soke ta 1999, ta mayar da hukumar NHIS ta zama NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusun masu rauni da aka ce zai ɗauki mutum miliyan 83. Ya zuwa 2025 alƙaluman hukumar sun nuna kimanin mutum miliyan 20 ne ke da rajista, a ƙasar da ta haura miliyan 200.

Wanda ke son shiga yau yana da ƙofofi fiye da na 2005. Ma'aikacin tarayya yana ƙarƙashin NHIA, na jiha yana ƙarƙashin hukumar jiharsa, ɗalibin jami'a yana da nasa shirin da ake haɗawa da kuɗin makaranta. Tela da direba da mai shago suna iya shiga ta hukumar jiha, ko ta shirin GIFSHIP da aka ƙaddamar a 2020 a kan naira 15,000 ga mutum guda a shekara, wanda farashinsa ya tashi tun daga lokacin. Mai hali yana iya sayen tsari kai tsaye daga kamfanin HMO, inda ake jera su hawa-hawa, kowane hawa da jerin asibitocinsa da iyakar kuɗin da za a kashe wa mutum a shekara.

Tarihin da ya gabata ya nuna inda ya kamata a fara duba, kuma ba farashi ba ne. Asibitin ne. Kati ba ya yin allura. Mutanen da suka ji daɗin tsarin galibi su ne waɗanda suka je da ƙafarsu suka ga wurin kafin su rubuta sunansa: akwai likita da dare, akwai ɗakin gwaji, kantin maganinsu yana da kaya, kuma mace mai naƙuda za ta iya isa can da ƙarfe biyun dare a lokacin damina? Babban asibiti mai suna wanda ke ƙetaren gari bai kai ƙaramin da ke bayan layi amfani ba idan yaro ya fara shiɗewa. Hira da masu kati da ke zaune a layin asibitin ta fi duk takardar talla gaskiya, domin su ne suka san ko ana ba da magani ko ana cewa a je a sayo. Idan zaɓin bai yi daɗi ba, ƙa'ida ta ba da damar sauya asibiti bayan wata shida.

Sai lissafin gida. Mai iyali ya zauna ya ƙirga waɗanda ke wuyansa, ya tambayi nawa ne kuɗin ƙara mata ta biyu, da ɗa na biyar, da tsohuwa. Sau da yawa tsohuwar ce ta fi kowa buƙata, da hawan jininta da ciwon suga da ake sayen maganinsu duk wata. Kamfanoni masu zaman kansu kan sa iyakar shekaru, ko su tsauwala kuɗin tsofaffi, ko su ƙi ɗaukar ciwon da mutum ya shigo da shi sai bayan wani lokaci. Gidan da ke da mai sikila ya kamata ya ji amsar wannan a rubuce kafin ya biya ko kwabo.

Jerin abubuwan da aka cire shi ne shafin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke sa kuka daga baya. A tsarin gwamnati kwanakin kwanciya suna da iyaka a shekara, wankin ƙoda zama kaɗan ake biya, manyan hotunan ƙwaƙwalwa da na ciki ana raba kuɗinsu da majinyaci, maganin ciwon daji bai cika shiga gaba ɗaya ba, kuma magungunan da ake bayarwa su ne na cikin jerin hukuma, ba lallai mai sunan da mutum ya saba da shi ba. Akwai kuma lokacin jira tsakanin biya da fara amfani, wanda kan kai makonni, a wasu kamfanonin kuma haihuwa da tiyata sai an kusa shekara. An sa shi ne domin kada mutane su jira sai ciwo ya kama su sannan su rugo, asusun ya ƙare. Matar da ta yi rajista tana da cikin wata takwas tana iya haihuwa katin bai fara aiki ba. Ga manomi da ɗan kasuwar hatsi, lokacin kaka ne ya fi dacewa a biya na shekara gaba ɗaya, kafin kuɗin ya narke, domin zazzaɓin damina yana zuwa ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Batun wanda ke riƙe da kuɗin shi ma an ɗan taɓa shi a baya-bayan nan. A 2025 hukumar NHIA, ƙarƙashin Dokta Kelechi Ohiri, ta ɗaga kuɗin kai zuwa naira 1,450, ta ninka abin da ake biyan asibitoci kan manyan ayyuka, ta kuma umarci kamfanonin HMO su ba da lambar izini cikin awa guda da nema. Mai kati yana da haƙƙin kai ƙara ofishin hukumar na jiharsa idan an wulaƙanta shi ko an karɓi kuɗin da bai kamata ba, kuma yana da kyau ya adana lambar wayar kamfaninsa da ta hukumar tare da katin. Idan kuwa lamarin gaggawa ne, hatsarin mota ko zubar jini bayan haihuwa, sashe na 20 na dokar 2014 ya haramta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya ƙi karɓar majinyaci bisa kowane dalili, kuma ya tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa.